Tiyo, Soso da Zaren Buhu

Ni na kori Yayana daga aiki. Ban kai ƙararsa wurin kowa ba, kuma Allah ya sani ban yi da niyya ba. Da guntun tiyo na kore shi, da soso, da zaren ɗinkin buhu. In na faɗi haka mutane dariya suke yi, su ce Auta ka cika barkwanci. To su yi ta yi, ni dai har yau ban ga abin dariya ba.

Aikinmu jan wayar intanet ne a cikin gine-gine. Wannan shuɗiyar wayar da kake gani an soka a bayan kwamfuta ba daga sama ta faɗo ba, wasu bayin Allah ne suka jawo ta ta cikin bututu, ta saman silin, ta bayan bango, hawa bayan hawa. Kuma ban taɓa ganin abu mai son jiki irinta ba. A cikin rigarta ta roba akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe bibbiyu. In ka ja ta da ƙarfi sai su miƙe su lalace. In ta ƙulle ta shiga bututu a haka, ta gama yawo. In bakin bututun ƙarfe ya karce ta, nan ma sai haƙuri. Abin haushin, ba ta nunawa. Sai kun gama, an rufe silin, an share ƙasa, ka soka na'urar gwaji, a cikin fitilu takwas biyar su kama, uku su yi maka kunnen uwar shegu. Shi ke nan, a kwance komai a sake.

Shi ya sa mutum biyu ke yin aikin. Ɗaya yana can ƙarshen bututu yana ja da igiya, ɗaya yana zaune a bakin kwalin waya, tana wucewa ta tsakanin yatsunsa kafin ta shige. Mai ja ƙarfi kawai ake nema a wurinsa, ko jaki aka koya wa zai iya, kuma ni ne jakin tsawon shekara goma sha tara. Mai riƙo shi ne mai aikin. Da babban yatsa da manuni yake jin ƙulli kafin ido ya gani, ya ji karce, ya ji in jan ya yi yawa. Sai ya ƙwanƙwasa bututu da filaya. Sau ɗaya na tsaya, sau biyu na ci gaba.

A kamfaninmu akwai masu riƙo bakwai, amma in aka ce mai riƙo kawai, Yaya ake nufi. Ya girme ni da shekara goma sha uku. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ni aikin, kuma ga ni da furfura a gemu amma har gobe Auta nake a bakinsa. Mutum ne mai faɗa da yawan surutu. Yana zaune a kan bokitin fenti da ya kife, yana hira da mai shara, idonsa na can wani wuri, sai ka ji ƙwas! a bututu. In na sauko ina masifa na ce me kuma ya faru, sai ya miƙo min wayar ya ce, "Taɓa nan." In taɓa, in ji ba komai. In kai ta bakin taga, sai in ga ɗan karce kamar sawun farce.

Abin ya fara ne a ginin wata makaranta. Layi arba'in muka ja, da muka gwada goma sha ɗaya sun mutu. Mu da sai mu shekara ba mu kashe biyu ba! Yaya ya juyo kaina a gaban lebura ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba. Waya kake ja ko saniya?" Na haɗiye, don na san halin hannuna. Amma da na hau silin na zaro na farko, sai na ga ba ja ne ya kashe shi ba. Ƙulli ne, ƙatoto, irin wanda ke fitowa daga cikin kwali. Na zaro na biyu, ƙulli. Na uku haka. Kuma ƙulli ba shi da wata hanyar shiga bututu sai ta tsakanin yatsun Yaya. Na daɗe zaune a cikin silin ɗin nan, zafi na dafa ni, na kasa saukowa.

Da Injiniya ta zo, wato matar da ke kula da mu masu jan waya, na ce ni ne na ja da garaje. Yarinya ce a kanmu, ba ta fi sa'ar 'yar Yaya ta fari ba, amma ta san aikinta kuma ba ta da wulaƙanci. Ta dube ni ta ce, "Malam Auta, a riƙa sassautawa." Yaya na gefe yana gyaɗa kai yana cewa, "Faɗa masa dai, 'yata, ni na gaji."

Ranar hutu na je gidansa da hantsi, na san ya fita. Matar Yaya na wanki a bakin famfo. Ban yi wani kewaye-kewaye ba na ce, "Me ya sami hannun mijinki?" Ta saki rigar da take cuɗawa cikin ruwa, ta ce, "Ka gani ke nan." Sai ga hawaye. Ta ce wata huɗu ke nan ita ke ɓalla masa maɓallin riga. Ta ce rannan ya ɗauki murfin tukunya daga kan wuta, sai da ta yi ihu sannan ya saki. Likita ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin yatsun, za a iya tare shi kada ya ƙaru, amma abin da ya tafi ya tafi.

"Shi me ya ce?" na tambaye ta.

"Ka san yayanka. Cewa ya yi sanyi ne, zai wuce." Ta share fuska da bayan hannu. "Auta, don girman Allah kada ka nuna masa ka sani. Mutumin nan in aka zaunar da shi a gida ban san yadda zai yi ba. Ranar hutu ma ji yake kamar an ɗaure shi."

Na yi mata alkawari. A hanya ina tafe ina zagin ciwon suga, ina zagin likita, ina zagin wanda ya ƙirƙiro waya mai laushin tsiya. Kafin in kai gida na yanke shawara: tunda yatsun Yaya ba za su ƙara tsare waya ba, to ni zan sa waya ta tsare kanta, shi kuma ya ci gaba da zama a kan bokitinsa kamar ba abin da ya canja.

Da ƙulli na fara. Waya na ƙullewa ne don daga kwali take fitowa a nannaɗe. Na samo tsohon garen keke, na soka masa ƙarfe a tsakiya, na kafa shi a kan katako. Kowace safiya kafin Yaya ya iso sai in warware wayar daga kwali in naɗe ta a kan garen, ta riƙa fitowa a miƙe. Bakin bututu kuwa, mai karce, na yanka tiyon ban ruwa tsawon taƙi guda, na tsaga bakinsa na buɗe shi kamar mazurari, na cusa na ɗaure da salatif. A cikin mazurarin na manna soso, in jiƙa shi da ruwan sabulu, waya ta shiga da santsi. Duk inda za ta sha kwana a saman silin na sa mata guntun tiyo ta kwanta a kai.

Ja ne ya ba ni wahala. In waya ta maƙale a tsakiyar bututu, ni da ke can ƙarshe ba na sani, sai Yaya ya ji ta yi tauri ya ƙwanƙwasa. Yanzu wa zai ji? Sati biyu ina fama. Dabarar ta zo min ne ina kallon wani mai awo yana ɗinke buhu, ya ja zaren da ƙarfi ya tsinke a hannunsa, buhun ko gezau. Na ce yauwa! Tsakanin igiyar ja da kan waya zan sa zare, wanda zai tsinke kafin waya ta ji ciwo. Na rataya waya a reshen bishiyar tsakar gidana, na ɗaura mata bokiti, ina zuba ruwa moɗa-moɗa ina gwadawa da na'ura, har na gane nauyin da take ɗauka. Sannan na koma kan zare. Ninki biyu ya cika saurin tsinkewa, ninki huɗu ya fi ƙarfin waya, ninki uku ne daidai. Matata ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallona ta ce, "Malam, in wani abu ne ya taɓa ka ka faɗa min tun da wuri."

Ranar da na kai kayan wurin aiki Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Auta, bola ka koma tonawa? Wannan tarkacen fa?"

Na ce, "Don hannuna ne, Yaya. Ka ce saniya nake ja, to ga linzami na yi wa kaina."

"Allah ya shirye ka," in ji shi. Ya gyara zama a kan bokiti, ya kama waya da yatsu biyu kamar kullum.

Wata shida muka yi ko layi ɗaya bai mutu ba. Mun yi wani otal, mun yi ofisoshi hawa biyar, mun yi wani asibiti mai kwana-kwanar tsiya. Zare ya tsinke min ya fi a ƙirga, in sauko in gyara in sake ɗaurawa, waya lafiya lau. Yaya ya daina ƙwanƙwasa bututu, don babu abin ƙwanƙwasawa. Ya yi ƙiba, faɗansa ya dawo sabo. Matarsa ta tare ni a zaure wata rana tana murna, ta ce ya gaya mata likita bai san aikinsa ba, maɓalli daban waya daban, ga shi wata shida hannunsa bai yi kuskure ba. Na yi dariya tare da ita. Wallahi a lokacin daɗi na ji, ko kaɗan ban hango abin da na shuka ba.

Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya daɗi banza. Injiniya ta lura sauran ƙungiyoyi shida na ta kashe layi, mu shiru. Sai ga ta wata safiya a wurin aikinmu ba sanarwa. Ina jin muryarta a ƙasa na sauko da gudu don in rufe kayan da buhu, amma na makara. Na tarar da Yaya tsaye, ya riƙe mazurarin tiyo yana yi mata bayani, bakinsa har kunne.

"Ƙanena ne ya ƙirƙiro, 'yata. Wannan da kike gani. Kin gan shi kamar ba ya ji, amma akwai kai. Auta, zo ka nuna mata zaren nan naka."

Na yi masa ido, na yi tari, na ce ai wasa ne kawai, ba wani abu ba ne. Ya ce, "Kai rufe min baki! Mutum ya yi abin kirki yana ɓoyewa kamar ya yi sata." Shekara goma sha tara ina jiran Yaya ya yabe ni a gaban mutane, sai ranar da na fi ƙaunar ya zage ni ya yi.

Injiniya ta ɗauki hoton komai. Ta tambayi ninkin zare, na faɗa mata kamar ana zare min haƙori. Sannan ta ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan in gwada wani abu." Yaya ya tashi daga kan bokiti. Ta hau tsani da kanta ta ja layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, gare na juyawa shi kaɗai, ba hannun kowa a kan waya. Ta soka na'ura, fitilu takwas suka kama reras. Ta ƙura musu ido, sannan ta ce, ba da kowa take ba, "Ashe mutum ɗaya ma zai iya." Yaya bai ji ba, yana can yana gaya wa mai gadi yadda na rataya bokiti a bishiya. Ni na ji.

Cikin wata biyu kamfani ya sa aka ƙera irin kayan da kyau, gare na ƙarfe mai fenti, mazurari na roba. Aka tara mu a ɗakin ajiya da safe, tsakanin tsanuka da kwalayen waya. Aka kira ni gaba, aka miƙa min takardar yabo a cikin gilashi, aka tafa. Yaya ya fi kowa tafi. Bayan nan Injiniya ta buɗe wata takarda, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce daga wata mai zuwa babu sauran mai riƙo, kowa zai riƙa ja shi kaɗai. Masu riƙo shida za su koma hawa tsani. Ta ɗago ta dubi Yaya ta ce, "Baba, kai kuma shekarunka da lafiyar ƙafarka ba za su bari mu sa ka a silin ba. Na yi iya ƙoƙarina a sama. Sun ce ka huta, za a sallame ka da mutunci."

Yaya ya dube ta, ya dubi takardar da ke hannuna, ya yi wani ɗan murmushi.

"'Yata, tiyo yana da kyau, ban raina ba. Amma tiyo ba ya ji. In waya ta zo da ciwonta tun daga masana'anta fa, wa zai gane? Soso?" Wasu suka yi dariya. "Wata takwas ke nan ba mu kashe layi ba. Kina tsammani zare ne kaɗai? Akwai hannu a wurin."

Na ce, "Yaya, mu je waje mu yi magana."

"Babu inda za ni." Ya jawo wani kwali ya zauna a kai. "A gwada ni a gaban kowa. Auta, ɗauko waya kamu ashirin. Ka sa reza ka karce ta a duk inda ka ga dama, ɗan kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Zan rufe ido ka ja. In ta wuce ni, na tafi gida da ƙafata, ba sai an sallame ni ba."

Injiniya ta ce, "Baba, ba sai an yi haka ba."

"Sai an yi," in ji shi. Ya zaro hankici ya miƙa wa wani abokin aikinmu da muke kira Dogo, ya ce ya ɗaure masa ido.

Na ɗauki waya na koma bayan tsanuka da reza a hannuna. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, in ce Yaya na sani, matarka ta sani, tashi mu tafi. Ban faɗa ba. Wata dabarar na sake nema, ni sarkin dabara. Na ce a raina, in karcen ya yi girma ai dole ya ji, ko a ƙashi ne. Sai na yanka rigar wayar sosai, na tsinke ɗaya daga cikin siraran, na ɗago bakin jan ƙarfen ya tsaya kamar ƙaya. Ko makaho da safar hannu ba zai rasa wannan ba. Dogo ya hango, ya buɗe baki, na harare shi ya rufe.

Na sa kan wayar tsakanin yatsun Yaya. Ya matse ta, ya gyara wuya, ya ce, "Bismillah, ja." Na fara ja a hankali, ina taku da baya. Kamu biyar, kamu takwas. Kowa idonsa na kan ƙayar nan tana matsowa. Ni kuma addu'a nake yi, duk wadda ta zo bakina.

Ta shiga tsakanin yatsunsa, ta ɗan turje, ta fito. Fuskarsa ba ta motsa ba. Daga nan wayar da ke fitowa daga hannunsa ta daina zama shuɗiya.

Na tsaya cak. Ya ce, "Ja mana, me kake jira? Ko ka gaji ne?" Injiniya ta rufe baki da hannu biyu. Na rasa abin yi, na ci gaba da ja, ina kuka ba sauti, har wutsiyar wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi ƙasa.

Yaya ya yi dariya, irin tasa mai ƙarfi. Ya ce, "Ɗan banza! Ba ka karce ta ba ko? Ka so ka yi min wayo in nuna wurin da babu komai. To lafiyarta ƙalau, tun daga kai har wutsiya. 'Yata, kin gani?"

Ya jira, ya ji shirun ya yi yawa, ya sa hannun hagu ya janye hankicin. Ya fara ganin wayar a ƙasa, ja-ja-wur tun daga tsakiya har ƙarshe. Ya bi ta da ido har wurin ƙayar. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama, jini ya cika tafin yana gangarowa cikin hannun riga. Ya daɗe yana juya shi, ya duba ciki ya duba baya.

"Tun yaushe ka sani?" Bai dube ni ba da ya tambaya.

"Tun aikin makaranta, Yaya."

"Tarkacen nan duka..."

"Don kai na yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka zai zage ni, na so ya zage ni, ko ya tashi ya mare ni a gaban kowa. Bai yi ko ɗaya ba. Injiniya ta aika Dogo ya ɗauko akwatin magani, sauran suka fara zamewa waje ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Na durƙusa a gabansa da auduga. Ya miƙo min hannun, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, duba min. Wane yatsan ne?"